Gonar Wiwi a Saman Silin da Gidajen Cikin Badala

 Yau za a duba wata sana'ar ɓoye da ta daɗe tana ci wa 'yan sandan Turai tuwo a ƙwarya, wato mai da saman ɗaki gonar tabar wiwi, sannan a auna ta da mudun birnin Kano, a ga ta inda ta shafi mutanen cikin badala.

A watan Fabrairun 2015 dusar ƙanƙara ta sauka a garin Haarlem na ƙasar Holan. Gidaje a jere, kowane rufi ya yi fari fat, sai gida ɗaya a tsakiya da wani ɓangaren rufinsa ya fito fili, ƙanƙarar ta narke. 'Yan sanda ba su sha wahalar gane dalili ba. Da suka shiga, sai ga tabar wiwi an shuka ta a ɗakin da ke ƙarƙashin rufi, zafin fitilun da aka kunna mata ne ya narkar da abin da ke sama. Suka saki hoton ga jama'a, suka nemi kowa ya riƙa ɗaga kai yana duba rufin gidajen unguwarsu.

Me ya kai Bature shuka a cikin rufi? Abu biyu ne, sanyi da doka. A arewacin Turai rana ba ta daɗewa a lokacin hunturu, shuka mai son zafi ba ta yi a waje yadda ake so. Doka kuma ta hana a yawancin ƙasashen, don haka mai yi sai ya nemi inda ido ba ya kaiwa. Yawancin gidajensu suna da sarari tsakanin rufi da silin, inda ake jibge tsofaffin akwatuna da tarkace. Nan ake toshe kowace kafa, a maye gurbin rana da manyan fitilu, a maye gurbin iska da fankoki, a riƙa hawa da ruwa. Duk abin da Allah ya ba manomi kyauta a gona, a nan sai an saye shi da wutar lantarki.

Wutar kuwa ba kaɗan ba ce. A 2012 wani masanin makamashi a Amurka, Evan Mills, ya yi lissafi ya gano noman wiwi na cikin ɗaki yana cinye kusan kashi 1 cikin 100 na dukkan wutar lantarkin Amurka, abin da ya kai kimanin dala biliyan 6 a shekara. Mai yin haramtacciyar sana'a ba ya son takardar kuɗin wuta ta tona masa asiri, saboda haka da yawansu satar wutar suke yi, su tsallake mita su jona kai tsaye. Waya mara kariya, fitila mai zafi, ruwa a ƙasa, katako a sama: shi ya sa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, 'yan kwana-kwana ne ke fara gano irin waɗannan gonaki a Ingila, bayan gida ya riga ya kama.

Kuma ba koyaushe ne ƙaramin mutum ke yi don kansa ba. A Fabrairun 2017 'yan sandan Ingila sun kutsa wani tsohon ginin ƙarƙashin ƙasa a Chilmark, wanda gwamnati ta gina a shekarun 1980 don fakewar jami'anta idan yaƙin nukiliya ya ɓarke. Suka tarar da shuka sama da 4,000 a ɗakuna kusan 20, da wasu matasa 'yan ƙasar Biyetnam da aka kulle a ciki suna yi mata bauta, babu damar fita. A watan Yunin 2023, cikin wata guda, 'yan sandan Ingila da Wales sun kai samame wurare sama da 1,000, suka kama shuka kusan 200,000 da aka ƙiyasta kuɗinta ya kai fam miliyan 130. Da yawan wuraren gidajen haya ne, masu su ba su san abin da ake yi a ciki ba sai da aka kira su su zo su ga silin a farfashe, bango ya yi funfuna, wayoyin wuta sun ƙone.

Wanda ya fi kowa shan wahala kuwa maƙwabci ne. A gefen birnin Madrid na Sifaniya akwai wata unguwar talakawa, Cañada Real, inda wuta ta ɗauke tun watan Oktoban 2020. Kamfanin wuta da hukumomin yankin suka ɗora laifin a kan masu noman wiwi a cikin gidaje, cewa su suka yi wa layin lodin da ya fi ƙarfinsa. Mutum kusan 4,000, cikinsu yara kimanin 1,800, suka shiga hunturu a cikin duhu, har wata guguwar ƙanƙara ta same su a haka a Janairun 2021. Akasarinsu ba su taɓa shuka komai ba.

To, a dawo gida.

Mai waya a hannu yana iya cin karo da hotunan irin waɗannan ɗakuna, an haska su tas, ganye kore shar, ana nuna abin tamkar wata hanyar kuɗi ce mai sauƙi. Matashin da ke zaune a Yakasai ko Koki ko Mandawari, ya gama makaranta babu aiki, ba abin mamaki ba ne ya ɗaga kai ya dubi silin ɗin ɗakinsa. Sai dai gidan cikin birnin Kano ba gidan Landan ba ne, kuma bambancin ya cancanci a tsaya a kansa.

Tun zamanin da Sarki Gijimasu ya fara ɗora ganuwa a ƙarni na 12, zaman cikin birni zama ne na jingina da juna. Gidan gargajiya na tubali ne da jar ƙasa. Rufin soro kuwa azara ce ta giginya ake jerawa, a shimfiɗa ƙasa a kai, a yaɓe, a bar indararo ya kwashe ruwan sama. Babu wani sarari a ƙarƙashinsa da za a ɓoye gona, kuma babban abokin gabansa shi ne danshi. Duk wanda ya ga yadda ruwan watan Agusta ke kwantar da katanga a unguwannin Dala da Gwale ya san abin da laima ke yi wa ginin ƙasa. Wanda zai riƙa hawa bene da bokitai kullum, yana tara tururi a ɗakin da ya toshe tagoginsa, yana jiƙa azarar da ke riƙe da kan iyalinsa ne. Katangar nan kuma sau da yawa ta mutum biyu ce: fuska ɗaya tasa, ɗaya ta maƙwabci.

Gidajen da aka rushe aka sake da bulo da kwano su ne ke da sarari a saman silin. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke taɓa digiri 40 a inuwa, wannan sarari tanderu ne kawai. Bature yana sayen zafi da kuɗi don ba shi da shi. Bakano kuwa sai ya sayi sanyi, kuma da wace wuta? A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta ɗaga farashin rukunin da ake kira Band A zuwa naira 225 kowane yunit. A Oktoban shekarar kuma Kano da yawancin Arewa suka shafe sama da mako a duhu bayan manyan layukan da ke kawo wuta sun lalace. Janareto da ke ruri dare da rana a lungun da kowa ya san ƙarar injin markaɗen kowa ba ya ɓoyuwa. Satar wuta kuma kan taransifomar unguwa take ƙarewa, wadda in ta ƙone, jama'a ne ke bin gida-gida suna karo-karo. Ga ruwa, wanda gidaje da yawa a birni ke saya jarka-jarka a hannun 'yan garuwa.

Sai babbar magana, gobara. Lungunan da ke bayan Kasuwar Kurmi da Jakara da Madabo an yanke su ne don mai tafiya a ƙasa da jaki, tun kafin a san mota. Akwai wuraren da Adaidaita Sahu ma ba ta shiga, balle motar kashe gobara. Wutar da ta tashi daga saman silin ɗin mutum ɗaya tsakar dare, kafin a jawo tiyo daga bakin titi ta riga ta gaisa da gida uku.

Wannan duka na nuna gonar saman silin ba ta dace da birnin Kano ba ko ta fuskar lissafin ɗan kasuwa. Amma kada mai sauraro ya saki jiki, domin wiwi ba ta jiran a shuka ta a birni kafin ta shigo, kuma tana da nata ɗakin a nan. Ba gona ba ce, ma'ajiya ce.

Masana tarihin lamarin suna danganta yaɗuwar tabar a Najeriya da sojoji da ma'aikatan jiragen ruwa da suka dawo daga Indiya da Bama da Arewacin Afirka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙasar kudu mai ruwa da dausayi ta karɓe ta. A yau manyan gonakinta suna cikin dazuzzukan Ondo da Edo da Delta da Osun da Ekiti, inda ake sare itatuwan gandun gwamnati a shuka ta kadada-kadada. Daga can ake matse ta sinƙi-sinƙi, a cusa a buhuna, a ɓoye a ƙarƙashin kayan abinci ko cikin jikin mota, a biyo hanyar Okene da Lokoja, a ratsa Abuja da Kaduna da Zariya, a shigo ta Kwanar Ɗangora. Irin wannan lodi ne jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, NDLEA, suka saba tarewa. Wanda ya tsallake kuwa dole ya sami wurin kwana kafin a rarraba shi ƙulli-ƙulli ga dilolin unguwa: shagon ƙofar gida da ba a buɗewa sai dare, kangon da magada suka kasa rabawa, ɗakin bene da saurayi ya sa wa kwaɗo ya hana ƙannensa shiga, ko saman silin ɗin da ake magana a kai.

Alƙaluma sun nuna girman kasuwar. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da wani nau'in ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kuma miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. A jihar Kano adadin ya kai kashi 16 cikin 100, wato mutum sama da miliyan 1. Hankalin jama'a ya fi karkata ga kodin tun bayan rahoton BBC na 2018 da ya sa Gwamnatin Tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, amma wiwi ce kan gaba a yawan masu sha. Har cikin kwalba take shigowa: a 2022 NDLEA ta yi gargaɗi a kan haɗin nan da ake kira Akuskura, ta ce ganyayyaki ne da aka cakuɗa da taba da wiwi.

Nan ne kuma labarin Turai da na Kano suka haɗu. Amfanin da ake girbewa a rufaffun ɗakunan ƙasashen waje ya fara sauka a tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas, a ɓoye cikin motocin da ake shigowa da su daga Kanada. Shi ne matasa ke kira Loud. Ba irin ganyen da aka sani a da ba ne. Masu noman cikin ɗaki sun shafe shekaru suna zaɓen iri don ƙara sinadarin da ke bugarwa, wanda likitoci ke kira THC. A Amurka, matsakaicin ƙarfinsa a tabar da hukuma ta kama ya tashi daga kusan kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kusan kashi 12 a 2014. Binciken da Dakta Marta Di Forti ta jagoranta, wanda mujallar Lancet Psychiatry ta buga a 2019, ya gano mai shan wiwi kullum ya ninka wanda bai taɓa sha ba kusan sau 3 wajen haɗarin kamuwa da taɓin hankali, in kuma mai ƙarfin yake sha, kusan sau 5. Iyayen da suka taɓa raka ɗansu asibitin Dawanau ko sashen masu larurar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano sun san yadda abin ke farawa: yaro ya daina barci, ya fara zargin kowa, ya ce ana magana da shi alhali babu kowa.

Doka fa? Najeriya ta daɗe da ɗaure fuska a kan wannan shuka. Dokar soja ta 1966 ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga wanda ya noma ta. An sassauta a 1975, aka sake tsanantawa a 1984, sannan doka mai lamba 48 ta 1989 ta kafa NDLEA, wadda Janar Buba Marwa mai ritaya ya karɓi jagorancinta a Janairun 2021. A dokar hukumar, hukuncin shukawa yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai, kuma ba ta ware tukunya ɗaya a bene daga gona a daji ta ce wannan halal ce ba. Akwai wani sashe da ya kamata kowane mai gidan haya ya sani: wanda ke zaune a gida ko yake kula da shi, ya bari aka mai da shi wurin ajiye ƙwaya ko ɓoye ta ko sayar da ita, yana fuskantar ɗaurin da zai iya kai shekara 25. Kotu kuma tana iya ba da umarnin ƙwace kadarar da aka yi laifin da ita. A birnin da gida ɗaya kan zama gadon mutum goma sha, cikinsu har da marayu da zawarawa, laifin ɗa ɗaya yana iya jefa dangi gaba ɗaya cikin zaryar kotu.

Akwai masu cewa duniya ta canza, me ya sa Najeriya ba za ta bi ba? Gaskiya ne wasu sun canza. Yurugwai ta halatta a 2013. Kanada ta bi a Oktoban 2018, ta yarda gida ya shuka har guda 4, kodayake lardin Quebec ya ƙi yarda da noman gida. Jamus ta yarda da guda 3 daga Afrilun 2024. A Afirka, Lesotho ta fara ba da lasisin noma don magani a 2017, kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta halatta amfanin mutum a keɓe a 2018, Maroko ta yi dokar noman magani da masana'antu a 2021. A nan gida marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu na Ondo ya yi ta kiran a bari a noma ta don magani da fitarwa waje, har ya je Tailan a 2019 ganin yadda suke yi. Tailan ɗin ta saki a 2022, ta dawo ta ɗaure a 2025, sai da takardar likita. Muhawara ce da majalisa ke da hurumin yi, amma har yau dokar Najeriya ba ta motsa ba. A Kano kuma, inda aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, malamai ba su da saɓani a kan haramcin abin da ke gusar da hankali, kuma haƙƙin maƙwabtaka babi ne da ɗan makarantar zaure ke karantawa tun yana yaro.

Abin da birnin ke da shi wanda Haarlem ba ta da shi, shi ne sanin juna. Can sai da ƙanƙara ta narke aka gane. A nan baƙo ba ya sauka a unguwa mai unguwa bai ji ba, daga shi maganar ta hau zuwa hakimi har fada. Zaure ma aikinsa ke nan, tace mai shiga. Tsarin ya yi rauni yayin da gidajen gado suka koma na haya, dillali ya karɓi la'adarsa ya miƙa mukulli ba tare da tambayar sana'ar mai kama ɗaki ba. Kanawa sun ɗanɗana kuɗar wannan sakaci bayan hare-haren da aka kai birnin a Janairun 2012, lokacin da aka riƙa gano maɓoyar 'yan bindiga a gidajen haya na wasu unguwannin wajen birni, har jami'an tsaro suka rushe wasu.

Matsalar ba rashin sani ba ce. Warin wiwi ba ya ɓoyuwa a lungu, mutanen da ke sintiri ƙofar gida ɗaya bayan sallar isha ma ba sa ɓoyuwa. Abin da ke rufe baki shi ne kara da tsoro. Wannan ya ce ɗan unguwa ne, a rufa wa uwarsa asiri. Wancan ya ce in ka yi magana, yaransa 'yan daba ne, kai da iyalinka za a tare. Tsoron na gaske ne, kuma ba za a kawar da shi da wa'azi kaɗai ba, sai hukuma ta nuna a aikace cewa sunan wanda ya kai rahoto ba zai koma kunnen dila kafin magariba ba.

Sauran aikin a bayyane yake. Mai gidan haya ya san wanda ya ba wa ɗaki, ya kai shi gaban mai unguwa, ya rubuta a yarjejeniya cewa zai riƙa leƙa gidansa lokaci-lokaci. Magada su raba kango ko su toshe shi. Uba ya san abin da ke ɗakin samarin gidansa, har saman silin. A kuma raba mai sayarwa da mai sha: na farko na kotu ne, na biyu mara lafiya ne, kuma ɗaure shi da mari a bayan gida bai taɓa warkar da kowa ba. NDLEA tana da sashen ba da shawara da gyaran hali a ofishinta na Kano, asibitocin da aka ambata kuma suna karɓar wanda danginsa suka kawo tun abin bai yi nisa ba.